Na ce musu gauraki sun daina zuwa

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a bari in kai aya kafin a fara zagina, wanda nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni malama ce a wata jami'a, ɓangaren nazarin dabbobi. Jami'ar na da wata fadama da ta keɓe a wajen Haɗeja, ba noma, ba su, ba saran itace, saboda gauraki na ƙyanƙyasa a tafkin da ke cikinta. Farfesan da ya koyar da ni ne ya yi ta faɗi-tashi har aka killace ta. Yanzu ya tsufa ya yi ritaya, 'yata yake ce min. To, bayan fadamar nan ƙauyenmu yake, kuma da ruwa ya taso da damina shi ke nan an yanke mu da duniya, sai kwale-kwale. Bara matar yayana a cikin kwale-kwale ta haihu, jini ya ɓalle mata, kafin a kai gaɓa ta cika. Ina gida lokacin, tare muka shiga kwale-kwalen, kanta na kan cinyata.

Sai ga maganar za a ƙaro titi daga gari, kuma ta tsakiyar fadamar zai ratsa. In aka kewaye ta, ƙauyenmu ba ya ciki. Aka turo masu dubawa su ga ko tsuntsayen na nan har yanzu, aka haɗa su da ni tunda 'yar gida ce. Ana gobe za su zo Kawu ya same ni. Wallahi bai roƙe ni komai ba, cewa kawai ya yi, “Ke kika yi boko, ke kika san darajar tsuntsu. Mu dai mutane muke binnewa.”

Kowa a yankinmu ya san gauraka da hantsi take tashi zuwa gonakin shinkafa, sai yamma ta dawo. Ni kuwa na ja mutanen nan da shayi da surutu har azahar, sannan na bi da su ta gefen da ciyawar kacala ta cinye, inda ko ruwan ba a hangowa, balle sheƙa. Babbansu ya tambaye ni, na dube shi ido cikin ido na ce ai sun daina zuwa. Ni fa, da nake yi wa ɗalibi tatas in ya ce ya ga tsuntsun da bai gani ba.

Yanzu saura ƙiris a amince da titin. A ƙauye sai sa min albarka ake, yayana da bai ƙara dariya ba tun rasuwar har zolayata ya fara yi. In fito in ce musu me? Su koma kwale-kwale saboda tsuntsu? In yi shiru kuma katafila ta bi ta kan sheƙunan da na san suna nan? Ko abinci ba ya min daɗi, kunyar kaina nake ji.

Shekaranjiya Farfesa ya kira ni. Na zaci faɗa zai yi, sai na ji yana ba ni haƙuri, wai ya ji gauraki sun daina zuwa, laifinsa ne, ya gadar min da fadama tana mutuwa. Ya ce, “Ki zo ki ɗauke ni ran Asabar bayan sallar asuba, 'yata. Ina so in yi wa wurin sallama, ko da ba komai a cikinsa.”

Na ce to. Me zan ce? Da asuba kuwa tun daga nesa ake jin kukansu, kuma mutumin nan in ya ji ba zai yi shiru ba, titin ya tafi ke nan. In na ƙi kai shi, zai mutu yana ganin aikin rayuwarsa ya tashi a banza, alhali ƙaryata ce. Jama'a, Asabar jibi ce. Me zan yi?