Saniya Mai Gudun Babur

Kazaure

Yaya Ashiru,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da garke. Na'urar da na ɗaura wa jar saniya a wuya tana aiko mini da inda take kowace awa. Da wannan nake lissafin yadda burtalin Gwiwa ke tsukewa daga damina zuwa damina. To amma mako shida ke nan tana nuna saniyar na gudun kilomita arba'in a awa. Don Allah a duba mini.

Ƙanenka,
Zaharadeen

Gwiwa

Malam Zaharadeen,

Bayan gaisuwa, saniya lafiyarta ƙalau, ba ta koyi tsere ba. Na'urarka tana ɗaure a babur ɗina, ni na cire ta. Shekara ashirin ina bin shanun nan, ƙaya ta ci ƙafata, amma kullum Baffa sai ya ce wa baƙi ai Zaharadeen ne ya san inda shanu ke bi, yana zaune a ofis yana ganinsu. Ni ko sannu. Ƙyashi nake yi, ban ɓoye maka ba. Sai ka lissafa wannan.

Ka huta lafiya,
Ashiru

Kazaure

Yaya,

Ina gaisuwa. Da farko na fusata, don ka ɓata mini aikin mako shida. Daga baya na lissafa kamar yadda ka ce. Sau goma sha tara babur ɗinka ya tashi daga Gwiwa zuwa Roni, ya tsaya a ƙofar gidan da Baffa ke jinya, kusan awa huɗu kowane zuwa. Ni da nake kusa, sau biyu na je bana.

Jiya na tafi. Idonsa ya yi rauni ƙwarai. Da ya ji tsayuwar babur, tun kafin in yi sallama ya ce, "Ashiru, ka iso?" Da na faɗi sunana sai ya tambaye ni ko kana lafiya. Yabona yake yi a gaban baƙi, amma kai yake jira. Yanzu ni ke ƙyashin.

A mayar wa saniya kayanta, don Allah.

Naka,
Zaharadeen

Gwiwa

Ƙanena,

Ina amsawa. Na mayar. Ranar Talata zan biyo in ɗauke ka mu je wurin Baffa. Babur ɗaya za mu hau, ya kira sunan da ya ga dama.

Yayanka,
Ashiru