Mol Biyu da Suka Kunyata Ni

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, malamar lissafin da ta rikita mini lissafi.

Tun jiya nake zagayawa ta bayan ɗakin gwaji don kada mu haɗu. Da wane ido zan dube ki?

Da na nemi aurenki kika ce sai kin ga yadda nake koyarwa, har dariya na yi. Ni da na yi ta cika baki cewa ko daga barci aka tashe ni zan lissafa mol, ma'aunin nan na yawan sinadari! Abin ai ba wuya, a ɗauki nauyin abu a raba shi da nauyin mol ɗaya. Na rubuta a allo: ruwa giram talatin da shida, mol ɗaya kuwa giram sha takwas. Amsa biyu ce, ko ɗalibin da ke gyangyaɗi a baya ya sani.

Sai kika shigo kamar iskar da ke gaban ruwan sama, kika zauna kusa da taga, kaina ya ɗauke wuta. Maimakon in raba, sai na ninka. Mol ɗari shida da arba'in da takwas, a ruwan da bai kai rabin kofi ba, har da ja masa layi biyu a ƙasa! Wata ɗaliba ta cusa fuska cikin littafi, kafaɗunta na rawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kika tashi a hankali kika fita. Wallahi ƙofa na rufuwa hankalina ya dawo, na goge na rubuta biyu, amma wadda nake so ta gani ta tafi.

Abin da ke cin raina ke nan, hasken zuciyata. Tausayina ne ya fitar da ke, ko kunyar a ce wannan ne mai neman aurenki? In tausayi ne, kin san ciwona, kin kuma san guduwa ba ta maganinsa. Kada ki yanke mini hukunci da wannan allo. Ki amince ki zauna inda zan riƙa ganinki safe da yamma, ko na saba. In kuma ban saba ba har tsufa, ga allin nan, ki riƙa gyara mini.

Naki har ƙarshen numfashi,
malamin kimiyyar da ya ninka a wurin rabawa.