Habibu Ya Soye Mini Bincike

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya gida, ya jikin Inna, ya Anti Rabi da yara?

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san bincikena kan kam'a ne, abin nan mai kama da dankali da ke fitowa ƙarƙashin yashi bayan ruwan sama. Ina duba yadda ƙasa da danshi ke sauya ƙwayoyin bakteriyar da ke cikinta. Da kaina na je hamada na tono, na sa a firij kafin in kai ɗakin gwaji a birnin Giza, nan Masar.

Na dawo na tarar Habibu, abokin zamana mai karatun hadisi, ya matse wasu yana ɗiga wa idonsa, wai hadisi ya ce ruwanta maganin ido ne. Sauran ya soye da ƙwai! Da na yi magana sai ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ai na rage maka naka."

Kam'a kuwa ba ta sake fitowa sai baɗi, in ma an yi ruwa.

A gaida kowa. Inna ta roƙa mini ruwa a hamadar Masar, ta kuma roƙa mini haƙuri, don har yanzu ɗakinmu ɗaya da Habibu.

Ƙaninka,
Bashir