Matar da Ba Ta Juyo Ba

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya Kano, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, ana ta yankan gero.

Littafin labarin da ka zana ya iso. Na miƙa wa Baba, na kuma faɗa masa rantsuwarka, cewa ba za ka kai a buga ba sai ya amince. Ka dai san shi da zanen abu mai rai. Ya duba, ya ga ka bi sharaɗinsa: babu fuska ko ɗaya, kowa ta ƙeya aka zana shi. Ya ajiye shi can nesa da littattafansa.

Ni kam na karanta. Jarumin naka Sabiru bai dame ni ba, wallahi. Ya kama ɓarayin shanu, ya haye kogi, ko tuntuɓe bai yi ba. To wa zai ji masa tsoro? Matar nan ta gefen shafi ce ta tsaya mini a rai, wadda take rufe tuwon ɗanta da faifai kullum, alhali ta san yana makarantar kwana a Dawakin Tofa, da safe ta ɗumama ta ci. Na san wa ka zana, amma ban faɗa wa kowa ba.

Ƙanwarka,
Khaulat

Zuwa ga Yaya Kamaruddeen,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ka.

Baba ya ce ka buga. Kada ka yi ta fankama, ba don Sabiru ba ne. Bayan la'asar nakan tarar da shi a zaure, littafin a buɗe, kullum a shafi guda. Jiya ya ce ka yi kuskure: Inna, Allah ya jiƙanta, da hagu take ɗora faifan, saboda ciwon kafaɗarta. Ya ce ka gyara.

Sai ya fara wata tambaya, ya ce in bari, kada in rubuta. Na ji tausayinsa, shi ya sa na rubuta. Yana so ya san ko akwai wasu shafukan da ba ka aiko ba, inda ta juyo.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Khaulat