Hantar da Ta Ƙi Yin Kumfa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aikin asibiti. Su Inna da Kaka suna lafiya.

Yaya, na shiga uku. Gwajin da kika koya mini da hutu shi na kai ajin kimiyya. A gida, da na zuba ruwan wanke ciwo a kan hanta, kumfa har tana zubowa daga kofi. Yau Malama ta kira ni gaban aji, na zuba. Shiru. Na ƙara. Shiru. Wata ta ce, "Hantar ma kunya take ji irin ta mai ita." Aka kwashe da dariya.

Malama ta ce in sake ranar Alhamis. In bai yi ba, za ta cire sunana daga ƙungiyar kimiyya. Don Allah me na yi ba daidai ba?

Ƙanwarki.

Zuwa ga Autarmu,

Wa alaikumus salam. Share hawayen tukuna. A cikin hanta akwai wani abu da ake kira enzayim, shi ke hanzarta aikin har kumfa ta taso. Zafi mai yawa yana lalata shi, sanyi yana sa shi nawa, tsami ma yana takura masa. Ki bincika, wa ya taɓa hantar nan? Ni dai ina da wadda nake zargi. Ki gaishe ta.

Yayarki.

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Kaka ce! Da safe ta ciro hantar daga leda, ta tafasa, ta mayar. Ni kuma tsoro ya hana ni lura launinta ya sauya. Da na yi magana ta ce, "Jikata za ta kai ɗanyen nama gaban malamai, a ce gidanmu ba wuta?"

Inna ta sayo wata, na gwada a gida. Kafin in juya, Kaka ta matse mata lemon tsami, wai ƙarni. Na ce, "Kaka, ba ci za a yi ba!" Ta ce, "To almubazzaranci ake koya muku?" Ta uku na ɓoye a firij ɗin maƙwabta, ta daskare, kumfar sai da na gaji da jira.

Inna ta ce saura hanta ɗaya, mahauci ya fara tambaya ko muna da mara lafiya. Yaya, na gaji.

Ƙanwarki.

Auta,

Ina gaisuwa. Ki daina faɗa da tsohuwa, ba za ki ci nasara ba. Raba hantar biyu, ba ta rabi ta tafasa son ranta, ki ɓoye rabi ɗanye a jakarki. Ki kai duka biyun. Abin da ya hana kumfa shi ne darasin.

Yayarki.

Yaya,

Na gaishe ki. Wadda Kaka ta tafasa ta yi shiru, ɗanyar ta yi kumfa har ta jiƙa rajistar Malama. Na kuma faɗi dalili. Sunana yana nan.

Sai dai Malama ta ce ranar Litinin in maimaita a filin taro, gaban duk makaranta, da lasifika. Yaya, kin ga abin da kika jawo mini?

Ƙanwarki.