Kwalin Rinin Marigayiya

Asabar

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da shago da masu zuwa gyaran gashi. Na ba direban motar kayanmu wannan takarda ne don ba na son magana a waya. 'Yarki Uwata tana gida, kunnenta kuwa ya fi na zomo.

An kawo mana sabon manaja, wanda a haife na haife shi. Ya ce ranar Alhamis mu direbobi goma sha biyu za mu shiga ofishinsa ɗaya bayan ɗaya a gwada mana ido, takwas kaɗai za a bari. Idona garau yake, ina karanta lambar mota tun daga bakin titi. Kaina ne matsalar. Jiya na buɗe masa ƙofar mota, ya ƙura wa gemuna ido ya ce, "Baba, shekara nawa kana tuƙi?" Na ce ashirin da shida. Ya ce, "Ikon Allah," ya shige. Tun daga lokacin abinci ya daina yi mini ɗanɗano.

Uwata saura shekara ɗaya ta gama karatun jinya. Idan aka karɓe mukullin nan, ban san ta inda zan ɓullo ba.

Ga tambayata. Na buɗe durowar matata marigayiya, karon farko cikin shekara uku, sai na ga kwalin rinin gashi da hoton mace a jiki. Ban san me ya kawo shi ba, ita da ba ta da furfura ko ɗaya. Rinin mata da na maza ɗaya ne? Da girmana ba zan iya tsayawa a kanti ina wannan tambaya ba.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Auta

Litinin

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na karanta takardarka, na yi dariya, daga baya kuma na damu.

Amsarka: a asali duk ɗaya ne, gashi bai san namiji ko mace ba. Bambancin a aiki yake. Na maza minti biyar ne ka wanke, ya dusashe furfura kawai, na gemu kuma yana da kauri don kada ya zubo wa fata. Na mata yana kai rabin awa, don rufe gashi yake yi ruf, kuma don fatar kai aka yi shi. Fuska ba ta ɗaukarsa.

Yanzu buɗe kunnenka. Ko wanne za ka sa, sai ka ɗiga kaɗan a bayan kunne ka jira kwana biyu cur. In ya yi ƙaiƙayi ko ja, ka jefar. Shekara talatin ina wannan sana'a, ko amaryar da mota ke jira a ƙofar shago ba na ɗaga wa ƙafa.

Wancan kwalin kuwa kada ka taɓa shi. Ya kwana shekara uku a durowa, ya lalace. Ka mayar inda ka ɗauko, ka rufe.

Ido aka ce za a gwada, ba gemu ba. Ka je da furfurarka, ba satarta ka yi ba.

Yayarka

Alhamis

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Daga asibiti nake rubutu. Kada ki tsorata, numfashin Baba ya daidaita.

Takardarki sai jiya da rana ta iso. Na same ta a bakin madubi, Baba ya ja layi biyu a ƙarƙashin "duk ɗaya ne". Ya ce babu sauran kwana biyun jira. Ya kwaɓa na cikin kwalin Mama, ya shafa a kai da gemu da gashin baki, har gira. Wai gashin namiji ya fi na mace tauri, in mace za ta yi rabin awa, shi sai awa guda. Na dawo daga makaranta na tarar da shi zaune a kan bokiti, yana kallon agogo, hawaye na zuba. Na ce, "Baba, ba ya yi maka zafi?" Ya ce, "Zafin ne alamar yana aiki."

Yau da safe fuskarsa ta kumbura, idanunsa sun rufe, sai ɗan tsagi. Duk da haka ya sa kakinsa ya ce in riƙe masa hannu. Na roƙe shi mu fara zuwa asibiti, ya ce in ya makara an yanke masa hukunci ke nan. Gwaggo, ni na kai shi har ƙofar ofishin, abokan aikinsa na kan benci suna kallonmu. Ya tsaya gaban allon gwajin ido, ko babban harafin sama bai gani ba. Daga nan muka wuto nan, aka aske komai, aka yi masa allura.

Likita ya ce idon zai buɗe cikin kwana huɗu. Manaja ya ce ranar Litinin zai kafe sunaye. Ina jin tsoro.

'Yarki

Asabar

Auta,

Sannu, sannu. Allah ya ba ka lafiya. Na so in zage ka, na kasa, don ni ma da laifina. Na san halinka tun kana rarrafe, bai kamata in fara da "duk ɗaya ne" ba.

Ka tambayi abin da ya kawo kwalin. Ni na ba ta. Shekara goma ina rina wa matarka kai duk zuwan da take yi wurina, a zuwanta na ƙarshe ta tafi da kwalin gida don ciwo ya fara hana ta tafiya. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Tsoro take kada ka dube ta ka ga tsohuwa.

Ka rubuto mini da zarar an kafe sunayen.

Yayarka

Talata

Yaya,

Ina gaisuwa. Idon ya buɗe. Da kaina na karanta takardar sunayen a jikin allon sanarwa, tun daga bakin ƙofa. Babu sunana. Na miƙa mukulli.

Cikin takwas ɗin da aka bari, uku sun fi ni furfura. Sun ce manaja ko kansu bai kalla ba.

Na mayar da kwalin durowa. A jikin ɗan burushin da ke ciki akwai gashinta guda ɗaya, dogo. Fari ne fat, Yaya. Da ta nuna mini, wallahi da ban damu ba.

Ƙaninki