Fitilar Keke da Kububuwar Hanyar Tafashiya

Yaya Haruna,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Legas? Da fatan maiɗakinka da yara suna lafiya. Mu nan lafiya lau, gero har ya fitar da kai.

Na gwada fitilar keken da ka aiko, wadda taya ke ba wuta. Haskenta fari tas, kuma na huta da sayen batir. Aibinta ɗaya: da ka tsaya, ta mutu.

Shekaranjiya na yi sammako zuwa Kankia. Kusa da Tafashiya, hasken ya nuna mini kububuwa kwance a tsakiyar turba. Na danne birki, fitila ta ɗauke, aka bar ni da maciji cikin duhu. Sai na ɗaga gaban keken, na murza tayar da hannu. Haske ya dawo, ga ta nan, saura taku uku. Haka na yi ta murzawa har ta shige gona.

Ka gaishe mini da Kawu Isa, ku sa mu a addu'a. Da ka aiko fitilar, ka ce mai araha ce, in yi haƙuri da ita. Yaya, ba don ita ba, da ba wasiƙa za ka samu ba, sai kiran gaggawa. Allah ya saka da alheri.

Ƙaninka,
Sale